Gilgamesh da Enkidu: kukan aboki ne ko tsoron kai?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tsaya a wuri guda cikin waƙar Gilgamesh, sarkin Uruk ta kudancin Iraƙi, garin da yau ake kiran kufansa Warka. A kan allunan yumɓu aka rubuta waƙar, wurin kuwa shi ne farkon allo na 9. Enkidu, aminin Gilgamesh, ya mutu, an yi makoki. Gilgamesh ya fita daji yana kuka, amma ku ji abin da ya fito daga bakinsa: ni ma mutuwa zan yi, ashe ba zan zama kamar Enkidu ba? Daga nan har ƙarshen allo na 11 bai nemi hanyar dawo da abokinsa ba, kansa yake nema wa tsira. To wannan waƙar abota ce, ko waƙar mutumin da mutuwar wani ta firgita? Ina da ra'ayi, amma in fara jin naku.

Hajiya Bilki:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yanke hukunci a tantance wace waƙa ake magana a kai, don a nan mutane da yawa ke zamewa. Labarin hawa uku ne.

Na farko waƙoƙi biyar ne da harshen Sumer, kowace zaman kanta take, sunan sarkin a cikinsu Bilgames. Yawancin kwafinsu ɗaliban makarantun rubutu ne suka yi a garuruwa irin su Nippur da Ur, wajen ƙarni na 18 kafin Miladiyya. A cikin waɗannan, Enkidu sau da yawa bawan sarki ne, yana kiransa ubangidana.

Na biyu waƙar tsohuwar Babila ce da harshen Akkad, ita ma wajen 1800 kafin Miladiyya. A nan aka haɗa labarin ya zama zare ɗaya, a nan kuma Enkidu ya tashi daga bawa ya koma halittar daji da aka yi musamman don ta zama daidai da sarki. Na uku shi ne wanda aka fi sani, mai allo 12, da ake dangantawa da wani malami Sin-leki-unninni, wanda ake ɗauka ya rayu tsakanin 1200 da 1100 kafin Miladiyya.

Abin lura, abotar ba ta cikin asalin labarin yadda muka san ta. Mawaƙin Babila ne ya dasa ta da gangan. Wanda ya mai da bawa amini sannan ya kashe shi a tsakiyar waƙa ya san abin da yake yi.

Baffa Sule:
Ni kam ina ɓangaren tsoron kai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hujjata tana cikin waƙar Sumer ta Bilgames da Huwawa, dodon da ke gadin daji, wanda ake kira Humbaba da harshen Akkad. Tun ba wanda ya mutu masa, sarkin ya ce wa Utu, allahn rana a wurinsu, ya leƙa ta kan ganuwa ya ga gawawwaki suna yawo a kogi, ya san shi ma haka zai ƙare, don haka zai tafi dutse ya kafa suna. Tsoron mutuwa ya riga abota zuwa. Enkidu dalili ne kawai da ya tayar da abin da ke kwance.

Malam Habibu:
Baffa, Allah ya ƙara girma, wannan hujjar ni take taimaka wa. Gaskiya ne ya san mutuwa tun farko. A allon tsohuwar Babila da ke jami'ar Yale, lokacin da Enkidu ke hana shi tafiya dajin Humbaba, shi ne ma ke yi masa wa'azi: wa ya isa ya hau sama, alloli ne kaɗai ke dawwama, ɗan Adam kwanakinsa ƙidayayyu ne, duk abin da ya yi iska ne. Ya ƙara da cewa in ya faɗi a can ya bar suna. Mutumin da ke wannan magana bai ji tsoron komai ba. Mutuwa a bakinsa take, har yana zolayar abokinsa da ita.

Ku gwada shi da mutumin allo na 10. Sau uku yana maimaita magana ɗaya kusan kalma da kalma, ga Shiduri mai gidan giya, ga Ur-shanabi mai jirgi, ga Uta-napishti wanda ya tsira daga ruwan tsufana ya samu dawwama: na yi masa kuka kwana shida da dare bakwai, na hana a binne shi har tsutsa ta faɗo daga hancinsa, abokina da nake ƙauna ya koma yumɓu, ni ma zan kwanta ba tashi. Ilimin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne a karon farko wanda ya mutu tsaransa ne, mai ƙarfinsa, mai tsawonsa. Samarin Uruk nawa suka faɗa rami lokacin Bijimin Sama, wanda allahiya Ishtar ta sa aka sako wa garin, 100 a hucin farko, 200 a na biyu, bai ce uffan ba. Sai da aka ba shi wanda ya yi daidai da shi kafin mutuwa ta sami ƙofar shiga.

Nura:
Malam, Hajiya, a yi mini haƙuri da tambaya. Fassarar da ke hannuna tana tafiya sumul daga farko har ƙarshe, ba giɓi ko ɗaya. Ta ina ake gane wane yanki daga wane hawa ya fito?

Sadiya:
Nura, in ka ga ta tafi sumul to an yi maka ciko ba a gaya maka ba. Bari in faɗi yadda abin yake a hannu.

Allon na yumɓu ne, an danna rubutun da bakin kara tun yana ɗanye, shi ya sa haruffan suke da siffar ƙusa. Allunan waƙar da aka samu a Nineba, kusa da Mosul, galibi ginshiƙi shida ne, uku a gaba uku a baya. Ba a juya shi yadda ake juya shafin littafi, ana kifa shi ne daga ƙasa zuwa sama, kuma ginshiƙan baya daga dama suke farawa. A ƙarshe marubuci yana sa lambar allon da layin farko na allo mai zuwa. Da wannan ake sanin jerin su.

An ƙone Nineba a 612 kafin Miladiyya. Wutar ta gasa allunan ɗakin karatun sarki Ashurbanipal, shi ya sa suka daɗe, amma rushewar gini ta farfasa su. Layard da Hormuzd Rassam suka tono su wajen 1850 zuwa 1853, aka kai Landan. George Smith ya karanta yankin ruwan tsufana ya gabatar da shi ranar 3 ga Disamba 1872. Tun daga lokacin aikin ya zama kamar ɗinkin fasasshiyar ƙwarya: a duba launin yumɓu, kaurin allo, hannun marubuci, a ga ko bakin karaya ya hau. Waƙar duka ta kai kusan layi 3,000, kuma har yau ɗaruruwan layuka babu su sam, wasu kuma rabinsu ne ya tsira.

Fassarar kirki tana nuna maka wannan. Abin da ke cikin baka mai kusurwa ciko ne na mai fassara, ɗige-ɗige giɓi ne, kuma in aka ɗauko yanki daga wani hawa za a rubuta. Wurare biyu da aka fi yi wa mai karatu rufa-rufa sun shafi maganarmu kai tsaye. Ɗaya, taron alloli a farkon allo na 7 inda aka yanke wa Enkidu mutuwa: a rubutun Akkad wurin ya karye, daga taƙaitawar Hitiyawa da aka samu a Hattusa ta ƙasar Turkiyya ake ɗauko shi. Biyu, nasihar mai gidan giya.

Hajiya Bilki:
Ta biyun nan ita ce ta fi ɓata muhawara. A wani allon tsohuwar Babila da ake cewa daga Sippar ya fito, matar ta ce wa Gilgamesh rayuwar da kake nema ba za ka samu ba, lokacin da alloli suka yi ɗan Adam mutuwa suka ba shi, rai suka riƙe a hannunsu. Sai ta ce cika cikinka, yi farin ciki dare da rana, sa tufafi masu tsabta, wanke kai, dubi yaron da ke riƙe da hannunka, bari matarka ta ji daɗinka. Kowa yana son wannan yanki, ana ta yawo da shi a matsayin saƙon waƙar. Amma a waƙa mai allo 12 babu shi. Shiduri ta saurare shi, ta gaya masa ba wanda ke ƙetare tekun da ke tsakaninsa da Uta-napishti sai Shamash, allahn rana da mutanen Sumer ke kira Utu, ta nuna masa inda mai jirgi yake, shi ke nan. Wanda ya tsara waƙar daga baya ya cire nasihar ya miƙa maganar mutuwa ga Uta-napishti, kuma tasa ba daɗi a cikinta: ana karya mutum kamar kara a fadama, ba mai ganin fuskar mutuwa, ba mai jin muryarta, alloli sun ƙaddara mutuwa da rai amma ba su faɗi ranar ba.

Baffa Sule:
Na ji. To ku amsa mini wannan. A allo na 7 Enkidu ya yi mafarki wani mai fuskar tsuntsun Anzu, hannun zaki, faratan gaggafa, ya kama shi ta gashi. Ya yi ihu abokina cece ni, Gilgamesh ya ji tsoro bai zo ba. Mawaƙin da kansa ya sa wannan a bakin mai mutuwa. Ina amanar da dattawan Uruk suka yi ta maimaitawa a allo na 3, cewa wanda ke gaba shi ke kare abokin tafiya?

Malam Isiyaku:
Baffa, a duba wa aka ɗora wa wannan amanar. Enkidu aka ɗora wa. Dattawa sun ce shi ya san hanya, ya shiga gaba, ya dawo musu da sarki lafiya. Ninsun uwar Gilgamesh ta hau soro ta yi wa Shamash turare, sannan ta kira Enkidu ta rataya masa alama a wuya ta ɗauke shi ɗa. Duk tsarin na kare Gilgamesh ne. Ba wanda aka ce ya dawo da Enkidu. Kuma Enkidu ya cika alkawari, ya dawo da sarki, shi ya biya kuɗin.

Ina so kuma a bi sawun laifin daki-daki, don ba kwatsam mutuwar ta zo ba. Tafiyar dajin Humbaba ra'ayin Gilgamesh ce, Enkidu ya ƙi tun farko domin ya san Enlil, shugaban allolinsu, shi ne ya ajiye Humbaba gadin dajin al'ul. A allon Yale an ƙera musu gatura masu nauyin talanti uku-uku, kowannensu ya ɗauki talanti goma na makami, talanti ɗaya kuwa wajen kilo 30 ne. A hanya suna cin abinci bayan zango 20 na awon tafiyarsu, su yada zango bayan 30, wato 50 a yini, tafiyar wata ɗaya da rabi a kwana uku. Duk bayan kwana uku Enkidu ke yi masa bukkar mafarki ya kwanta a bakin ƙofa. Mafarki biyar, duk na firgita, duk Enkidu ya fassara su da alheri.

Da suka isa sai abin ya juye. Shamash ya turo iska iri 13 ta daskarar da Humbaba, ya roƙi a bar shi da rai ya yi wa sarki hidima da katako. Gilgamesh ya yi sanyi. Enkidu ne ya ce kashe shi maza kafin Enlil ya ji. Wato ya san laifi ne. Humbaba ya la'ance su cewa kada su tsufa tare. Na biyu, bayan sun kashe Bijimin Sama, Enkidu ya riƙe wutsiya Gilgamesh ya soka wuƙa a bayan ƙaho, Enkidu ne ya yage cinyar bijimin ya jefa wa Ishtar a kan ganuwa. Saboda haka da Anu, allahn sama, ya ce ɗayansu ya mutu, Enlil ya ce Enkidu, akwai abin kamawa. Amma kowane ɗayan laifukan nan a kan hidimar abokinsa ya yi shi.

Sadiya:
Ƙari a kan na Malam Isiyaku. A 2011 gidan tarihi na Sulaimaniyya a arewacin Iraƙi ya sayi wani gutsuren allo na 5, Farouk Al-Rawi da Andrew George suka buga shi a 2014. Ya ƙara wajen layi 20. Dajin ya fito da rai: tsuntsaye na kuka, birai na ihu, ƙaron itace na ɗiga kamar ruwan sama, duk kamar makaɗan fadar Humbaba. Bayan sun gama sara, Enkidu ya ce abokina mun mai da daji kufai, me za mu ce wa Enlil a Nippur? Duk fassarar da ta riga 2014 ba ta da wannan. Shi ya sa ƙyauren da Enkidu ya sassaƙa wa haikalin Enlil da itacen dajin, kamu 72 a tsaye, 24 a faɗi, kauri kamu ɗaya, ya fi kama da toshiyar baki, kuma shi ya sa a kan gadon ciwo ƙyauren ya fara zagi. Ya ba da kyauta ba ta karɓu ba.

Malam Habibu:
Yanzu ga amsata ga Baffa. Rashin zuwan Gilgamesh a mafarkin ba cin amana ba ne, iyakar abota ce aka nuna. A gaban Humbaba sun yi ta ƙarfafa juna da cewa biyu sun fi ɗaya, igiya riɓi uku ba ta tsinkewa da sauƙi, kuma ya yi aiki. A gaban bijimi ya yi aiki. A gaban wannan bai yi ba. Enkidu ya kwanta kwana 12, abin da ya fi ci masa rai shi ne bai faɗi a fagen fama ba, a kan gado zai tafi. Sunan da Gilgamesh ya yi alkawari a farko bai samu ba.

Sannan a duba irin makokin da kyau. Lokacin da Enkidu ya la'anci Shamhat, karuwar da ta fito da shi daga daji, Shamash ya tsawata masa: ita ta ciyar da kai gurasa, ta shayar da kai, ta tufatar da kai, ta haɗa ka da Gilgamesh, kuma bayanka zai bar gashinsa ya cukurkuɗe, ya yafa fatar zaki ya shiga daji. Wannan ne ya kwantar masa da zuciya har ya juya la'anar ta koma albarka. Haka kuwa aka yi. Enkidu ya fara a daji da gashi buzu-buzu, ya ƙare a gadon alfarma cikin birni. Gilgamesh ya fara a fada, ya koma daji da gashi buzu-buzu yana haƙa rijiya yana cin naman dawa. Ya sa rayuwar abokinsa a jikinsa. Wanda tsoron kansa kaɗai ke damu ba ya bukatar wannan, sai ya tafi neman magani da rigarsa ta sarauta.

Baffa Sule:
Wannan ta shiga. Amma zan riƙe rabin maganata. Bayan allo na 10 sunan Enkidu ya ɓace. A allo na 11 ko sau ɗaya ba a ambace shi ba. Da maciji ya sace ganyen mai da tsoho saurayi da Gilgamesh ya samo, kukan da ya yi shi ne don wa hannuwana suka wahala, don wa jinin zuciyata ya ƙafe, ban amfana wa kaina komai ba. Kaina ya ce.

Nura:
Baffa ya taɓo allo na 11. Labarin ruwan nan shi ne na Annabi Nuhu alaihis salam? Kuma me ya kawo shi cikin waƙar abota?

Malam Isiyaku:
Nura, a raba biyun. Ƙissar Annabi Nuhu wahayi ce a wurinmu, wannan kuwa adabin mutane ne masu bautar alloli da yawa, inda allolin ma suka tsorata da ruwan suka rakuɓe, daga baya suka taru kan hadaya kamar ƙudaje. Kamannin dai a fili suke: gargaɗi, jirgi, dabbobi, sauka kan dutse, sakin tsuntsaye, a nan kurciya da tsattsewa da hankaka. Jirgin Uta-napishti kamu 120 ne ta kowace fuska, hawa bakwai, kowane hawa ɗaki tara. An ɗauko yankin ne daga wata tsohuwar waƙa ta Atrahasis.

Aikinsa a nan guda ɗaya ne. Gilgamesh ya zo neman dabara, sai aka ba shi tarihi. Uta-napishti ya samu dawwama ne a wani taron alloli da aka yi sau ɗaya bayan ruwan, ya kuma rufe da tambaya: kai wa zai tara maka alloli? Ba hanya ce da ake bi ba.

Sai gwaji. Kada ka yi barci kwana shida da dare bakwai. Yana tsugunawa barci ya kwashe shi. Uta-napishti ya ce wa matarsa mutum mayaudari ne, zai musa, ki gasa gurasa kullum ki ajiye a kansa ki yi zane a bango. Da aka tashe shi ya ce yanzun nan na runtsa, sai aka nuna masa: ta farko ta bushe ƙayau, ta biyu ta yi tauri kamar fata, ta uku ta yi laushi da danshi, ta huɗu ta yi fari, ta biyar ta yi fumfuna, ta shida sabuwa, ta bakwai tana kan garwashi. Kwanakin gwajin daidai suke da kwanakin da ya zauna kan gawar abokinsa. A can ya ƙi yarda da ruɓewa sai da tsutsa ta nuna masa, a nan ya ƙi yarda sai da fumfuna ta nuna masa. Don haka, Baffa, ko ba a faɗi sunan ba, Enkidu yana cikin allon.

Hajiya Bilki:
Kuma a lura duk asarar da ya yi bayan mutuwar Enkidu irin wadda mutum ɗaya tilo ke yi ce. Ya far wa Ur-shanabi ya farfasa wasu abubuwa na dutse da jirgin ke ƙetare ruwan mutuwa da su, ba wanda zai ce masa dakata. Sakamakon sai da ya sari sandunan tura jirgi 300, kowace kamu 60, don ruwan ba a taɓa shi, kowace sanda tura ɗaya a sake ta. Tsofaffin fassarori suna cewa 120, wanda ya ga haka kada ya ruɗe. Da sandunan suka ƙare ya tuɓe riga ya ɗaga hannu ya mai da kansa filafilan jirgi. Ganyen ma haka: ya ɗaura duwatsu a ƙafa ya nutse, ƙaya ta soke shi, ya samo. A hanya ya ga tafki mai sanyi ya shiga wanka ya ajiye shi, maciji ya ji ƙamshi ya ɗauke, ya yi saɓa yana tafiya. A tafiyar dajin al'ul akwai mai kwana a bakin ƙofa. Ur-shanabi yana tare da shi, amma shi ɗan rakiya ne, waƙar ba ta nuna ya tsare masa komai ba.

Nura:
To allo na 12 fa? Na ga Enkidu da rai a farkonsa, alhali ya mutu tun na 7.

Sadiya:
Ba kuskuren bugu ba ne. Allo na 12 fassara ce kusan layi da layi ta rabin ƙarshe na waƙar Sumer ta Bilgames da ƙasar matattu, aka liƙa ta a baya. Waƙar kanta ta rufe a na 11, inda layukan ganuwar Uruk da suka buɗe allo na 1 suka dawo: hau ka duba tushe, ka duba tubali gasasshe ne, kaso ɗaya gari, ɗaya gonakin dabino, ɗaya ramin ɗiban laka, rabi haikalin Ishtar.

A na 12 kayan wasan sarki biyu sun faɗa ƙasar matattu, Enkidu ya ce zai ɗauko. Aka ba shi sharuɗɗa: kada ya sa tufa mai tsabta don za a gane baƙo ne, kada ya shafa mai mai ƙamshi don za su taru a kansa, kada ya yi jifa, kada ya riƙe sanda, kada ya sa takalmi, kada ya yi hayaniya, kada ya sumbaci matar da yake so ko ya doki wadda yake ƙi, haka ɗa. Ya karya duka, ƙasa ta riƙe shi. Daga baya aka huda rami kurwarsa ta fito, suka yi tambaya da amsa. Mai ɗa ɗaya yana kuka a gindin turken da aka kafa a bangonsa. Mai biyu yana zaune kan tubali biyu yana cin gurasa. Mai uku yana shan ruwa daga salka. Haka har mai bakwai da ke zaune kan kujera cikin ƙananan alloli. Wanda gawarsa ke yashe a daji ba shi da hutu. Wanda ba shi da mai yi masa sadaka ƙanzon tukunya yake ci da ɓawon gurasar da aka zubar a titi.

Malam Isiyaku:
Wannan jerin ne ke bayyana allo na 8, wanda mutane ke tsallakewa don ya yi kama da lissafin kaya. A aƙidarsu matacce yana dogara da masu rai, akwai hidima da suke kira kispu, ana zuba ruwa, a ajiye abinci, a kira sunan mamaci. Enkidu ba uwa ba uba, barewa da jakin dawa suka rene shi, ba ɗa. Shi ne ainihin mai cin ƙanzo. Gilgamesh ya tsaya masa a matsayin dangi duka. Ya taɓa ƙirjinsa ya ji shiru, ya lulluɓe masa fuska kamar amarya, ya kira maƙera da masu sassaƙa su yi mutum-mutuminsa da zinariya da shuɗin dutsen nan mai daraja, ya buɗe taska. Sai ya ware kyauta ga kowane mai iko a can: tulun shuɗin dutse ga Ereshkigal sarauniyar matattu, sarewar jan dutse ga Dumuzi makiyayi, masoyin Ishtar, da sauransu, kowace yana nuna wa rana yana cewa a karɓi abokina a yi tafiya a gefensa. Baffa ya ce bai nemi dawo da shi ba, haka ne. Abin da al'adarsu ta ce mai rai zai iya yi wa matacce, ya yi shi har ƙarshe kafin ya fita neman nasa.

Baffa Sule:
Na karɓi allo na 8. Inda ban sauka ba shi ne ganyen. Hajiya da Malam suna karanta shi kamar ya dawo da hankali, wasu ma na cewa ya ɗauko shi ne don tsofaffin Uruk su amfana. Layin bai ce haka ba. Ya ce zai kai Uruk ya ba wani tsoho ya ci don ya gwada, sannan shi ya ci ya koma saurayi. Gwaji a jikin talaka kafin sarki ya sa a baki, halinsa ne na allo na 1. Wanda ke da karatun da ya saɓa wa wannan ya kawo layin da lambarsa mu duba tare.